Matsin cunkoso a Mina da Harami: darasin da ya kamata a ƙara a bitar maniyyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi wa maniyyata da malamansu na bita tsokaci. Mu ma'aikatan jinya ne da jagororin alhazai, Hausawa mazauna Makka. A wurin bita ana koyar da niyya da talbiyya da abubuwan da mai harami zai nisanta, har da kilon jaka da canjin Riyal, amma da wuya a ware ko rabin awa a bayyana wa maniyyaci yadda cunkoso ke kashe mutum, da abin da zai yi idan ya tsinci kansa a ciki. Iyaka a ce masa ya riƙa haƙuri, ban da ture-ture. Shawara ce mai kyau, sai dai ba ta wadatar.

Duk lokacin da aka yi hasarar rayuka, abin da ake ji shi ne an yi turmutsutsu an tattake mutane. Mai sauraro sai ya hango jama'a sun firgita suna gudu suna bi ta kan juna. Abin da likitoci ke tararwa ya sha bamban da haka. Mafi yawan mamatan numfashi ne ya gagare su saboda an matse musu ƙirji, wasu ma a tsaye suke cikawa, sai taron ya sassauta sannan su zube. Shi ya sa masu nazarin taron jama'a suka fi kiran abin da kalmar Ingilishi crush, wato matsewa da ƙarfi, kuma ita alhaji zai gani a takardarsa idan asibiti ya rubuta masa rahoto da Ingilishi. Wanda ya ɗauka gudu ne hatsarin, idan ya ga taro yana jan ƙafa a hankali sai ya saki jiki, alhali a irin wannan tafiyar ce abin ke faruwa.

Kafin iska ta shiga huhu, dole haƙarƙari ya buɗe, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka ƙasa. Idan mutane sun danne ka gaba da baya, duk sanda ka fitar da numfashi ƙirjinka ya ɗan lotsa, jikin na kusa da kai sai ya cike wannan gurbin, numfashi na gaba ya fi na baya gajarta. Haka za a yi ta yi har ya zama babu abin da ke shiga. Matsin yana kuma hana jini komawa zuciya, sai fuska da wuya su kumbura, farin ido ya yi ja, mutum ya ji jiri ya suma. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Ƙarfin da taro ke tarawa kuwa ya wuce yadda ake zato: a filayen ƙwallon Birtaniya inda irin wannan ta faru an tarar da shingen ƙarfe ya lanƙwashe, abin da ke buƙatar nauyin da ya kai kilo 450. Kuma babu wanda ya yi niyyar cutar da wani. Na baya ba ya ganin halin da na gaba ke ciki, shi dai ya ga an ɗan matsa sai ya ƙara taku ɗaya.

Ana auna hatsarin da yawan mutanen da ke kan murabba'in mita ɗaya, fili ne da ya ɗan ɗara dardumar salla. Mutum biyu ko uku, kowa na tafiyarsa. Huɗu zuwa biyar, kafaɗa ta fara gogar kafaɗa, taku ya gajarta. Daga shida zuwa bakwai ka daina mallakar ƙafarka: igiyar turi za ta ratsa taron ta ɗauke ka mita biyu ko uku ba tare da ka yi niyyar motsi ba, takalmi ya fice, mayafi ya zame. Waɗanda suka yi nazarin bidiyon Jamra, wurin jifan Shaiɗan a Mina, na 2006 sun ga wuraren da adadin ya kai goma. Alhaji ba zai tsaya ƙirga ba, don haka ya gwada kansa: yana iya ɗaga hannu ya shafa fuskarsa ba wahala? Shi ke zaɓar inda zai sa ƙafa? Idan ya ji ana taɓa shi ta gaba da baya da gefe biyu a lokaci guda, lokacin neman hanyar fita ya yi, tun yana iyawa.

Tarihin abin a nan yana nuna inda ake tuntuɓe. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim, hanyar ƙarƙashin dutse da ke tsakanin Mina da Makka. A wurin jifa an rasa kimanin 270 a 1994, da kimanin 250 a 2004. Ranar 12 ga Janairun 2006, wadda ta zo daidai da 12 ga Zulhijja, jim kaɗan bayan zawali, fiye da mutum 340 suka rasu a mashigar gadar Jamra ta gabas, inda jama'a suka yi ta tuntuɓe da kayan da suka zube a hanya. Na 24 ga Satumban 2015 kuwa a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223 ya auku, da hantsin ranar Sallah, ayari biyu suka yi karo cikin tsananin zafi. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769, amma da kamfanonin dillancin labarai suka haɗa alƙaluman da ƙasashe suka fitar, adadin ya haura 2,000. Najeriya ta rasa fiye da 200, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya duba zai ga abubuwan da ke maimaituwa: ƙuntatacciyar hanya, ko masu tafiya su haɗu da masu dawowa, ko wani abu ya zube a ƙasa, ga kuma kowa yana son ya yi abu ɗaya a sa'a ɗaya.

Wurin jifan kansa ya canza ƙwarai. Bayan Hajjin 2004 aka maye gurbin ginshiƙan da ake jifa da bango mai tsawon mita 26, bayan 2006 kuma aka rushe tsohuwar gada aka gina ta yanzu mai hawa biyar, tsawonta mita 950, faɗinta 80, an tsara ta ta ɗauki mutum 300,000 a awa guda, hanyar shiga daban ta fita daban. Ba a shiga da manyan jakunkuna, ba a juyowa. Abin da ya rage shi ne hanyoyin da ke kai mutum can, kuma a nan halin alhaji ke tasiri. Ana ba kowane rukunin tantuna lokacin fitarsa jifa, akwai kuma sa'o'in da ake hana fita gaba ɗaya, waɗanda ake sanarwa kowace shekara. Mutanenmu sun iya saɓa wannan jadawalin. Ranar Sallah wani zai sulale bayan Asuba don ya yi jifa ya yi aski ya tuɓe harami da wuri. Ranar 12 kuma kowa ya ƙagu ya bar Mina kafin faɗuwar rana, sai a yi dafifi tun kafin zawali, wasu da jakunkunansu a ka. A ganinmu, mai rauni da mai rakiyar tsoho su haƙura su kwana zuwa 13, su yi jifansu cikin sarari. Kasuwar tsaraba ba za ta tashi ba.

Addini ma bai matsa wa kowa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Uwar Muminai Sauda, wadda mace ce mai jiki da nauyin tafiya, ta nemi izinin Manzon Allah (SAW) ta bar Muzdalifa da dare kafin cincirindon mutane, ya kuma yi mata izini. Mara lafiya da tsoho tukuf da mai ciki suna iya wakilta wani ya jefa musu. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi akwai hadaya a kan wanda aka jefa wa, wasu mazhabobin kuma ba su ɗora masa komai ba, sai a tuntuɓi malaman tawaga. Ko da hadayar ce, ta fi sauƙi a kan a shigar da gyatuma mai ciwon gwiwa cikin taron ranar 12.

Idan an isa Jamra, kada a tsaya a bakin bangon inda kowa ya taru. A ci gaba da tafiya ta gefensa zuwa ƙarshe, can za a samu wuri har a kusanci kwarmin da tsakuwa ke faɗawa. Tsakuwa bakwai ce ranar Sallah, 21 ranar 11, 21 ranar 12, jimilla 49, ko 70 ga wanda ya kai 13. A zuba ta kowace rana a ƙaramar gorar ruwa, a ƙara uku ko huɗu a kai, domin idan ɗaya ta suɓuce kada a sunkuya nemanta.

To idan duk da haka mutum ya ji an fara matse shi fa? Abu na farko hannaye. Ya dunƙule su ya ɗaga gaban ƙirji, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kamar ɗan dambe yana kare kansa. Wannan ke sama wa ƙirji ɗan filin da zai buɗe. A yi shi da wuri, don da zarar hannu ya maƙale a gefen cinya ba ya sake ɗaguwa. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada ya yi kokawa da taron ko ya ce zai juya ya koma inda ya fito, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma kokawar tana cinye iskar da yake tattali. Turin yana zuwa ne yana lafawa. Idan ya zo a bi shi, idan ya lafa a yi taku biyu ko uku a karkace, gaba-gaba gefe-gefe, zuwa inda mutane suka fi ƙaranci. A guji jingina da bango, da shingen ƙarfe, da ginshiƙi, da motar da ke tsaye, domin jikin mutum yana ɗan lotsawa ya ba ka sarari, ƙarfe kuwa ba ya yi. Ihu ba ya kai wa na baya, numfashi kawai yake ƙarar wa. A yi addu'a a zuci, a yi wa askar, wato jami'in tsaro, ko na kusa nuni da ido ko da kai.

Kada a sunkuya, komai ya faɗi: silifas, waya, katin shaida, ko da jakar guzuri ce. Wanda ya sunkuya ya buɗe rami a cikin taron, waɗanda ke jingine da shi za su rufta kansa, na bayansu su biyo. Saboda wannan dalilin, idan na kusa da kai ya tafi ƙasa, ka cafko shi ta hammata nan take, ceton kanka ne kai ma. Wanda ya faɗi ya yi ƙoƙarin miƙewa a daƙiƙun farko. Idan ya gagara, ya kwanta ta gefe, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ya rufe kai da hannuwa. Rigingine da rub da ciki su ne mafi muni, don nauyin kai tsaye yake sauka a ƙirji.

Sutura ma tana da nata. Hijabin da ke jan ƙasa ana taka shi, ya fizgo wuyan mai shi baya. Hajiya ta sa wanda ya tsaya a gwiwa ranar jifa. Jakar da ake ratayawa a wuya tana iya zama igiyar shaƙewa, gara ta ɗaurawa a ƙugu, a juyo ta gaba. Ranakun 11 da 12 an riga an tuɓe harami, babu abin da ya hana namiji sa kambas maimakon silifas. Lema a naɗe ta idan an shiga matsi. Akwai kuma wata al'ada da ake yi da kyakkyawar niyya: mata su ƙulla bakin hijabansu da juna, ko mutum ashirin su sarƙe hannu don kada a rabu. Idan ɗaya ya faɗi zai ja sauran, kuma irin wannan sarƙa tana tokare waɗanda ke neman fita. A tafi bibbiyu, mai ƙarfi a bayan mai rauni, a kuma yi alkawarin inda za a haɗu idan an ɓace. Goyo kuwa bai kamata ya shiga cunkoso ba sam, domin yaron da ke baya shi ke karɓar duk turin da ya taso daga baya, uwar ba ta ganin fuskarsa. Idan abin ya rutsa da yaro, namiji ya ɗora shi a wuya.

A kula da motocin sabil. Da an buɗe bayan mota an fara miƙo ruwa da lemo da abinci, taron da ke tafiya lafiya sai ya karkata wuri guda, na gaba ya manne da ƙarfen mota. Kwalin madara bai kai wannan ba. Amma a riƙa shan ruwa kafin a fito, a kuma riƙe gora, domin wanda zafi ya galabaitar shi ke fara zubewa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu.

A Harami wuraren matsi sanannu ne: kusurwar Hajarul Aswad, da Multazam, da mashigar Hijir Isma'il, da bayan Maƙamu Ibrahim. Sumbatar dutsen sunna ce, cutar da Musulmi kuwa haramun ne, kuma Imam Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi Sayyidina Umar, da yake mutum ne mai ƙarfi, kada ya yi turereniya a wurin dutsen ya cutar da mai rauni, in ya samu sarari ya taɓa, in bai samu ba ya fuskance shi ya yi kabbara. A daidai koren fitilar da ke nuna farkon zagaye, a ɗaga hannu a yi kabbara ana tafiya, tsayawa cak a nan ke haddasa turi. Raka'a biyun ɗawafi ana iya yin su ko'ina cikin masallaci, ba sai an shimfiɗa darduma a kan hanyar masu zagaye ba. Mai son fita ya fara karkatowa waje tun a zagaye na shida, kada ya gama na bakwai a jikin Ka'aba sannan ya ce zai ratsa mutane a miƙe. Hawa na sama ya fi nisa amma ya fi sarari. Idan alamar ƙofa ta nuna ja, ciki ya cika, a nemi wata ƙofar. A kan matakala mai tafiya da kanta, wanda ya kai ƙarshe ya matsa gaba da sauri, kada ya tsaya gyaran mayafi ko jiran abokin tafiya, don injin ba ya daina juyo mutane a kansa. Akwai jan maɓalli a sama da ƙasanta na tsayar da ita. Masu zuwa Umara a goman ƙarshe na azumi, musamman daren 27 da daren sauke Alƙur'ani, duk wannan ya shafe su.

Sai taimakon wanda aka zaro. A kai shi inda akwai iska, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, jama'a su ja baya. A kira 911, ko 997 na motar asibiti, a faɗi lambar titi ko ta tanti ko sunan ƙofa. A bubbuga kafaɗarsa a kira shi, a duba ƙirjinsa na daƙiƙa 10. A fatarmu ba a saurin ganin canjin launi, sai a duba leɓe da dasashi da harshe, idan sun yi toka-toka ko shuɗi iska ta yi ƙaranci. Idan yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ta gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa. Kada a ɗura masa komai a baki, ko da zamzam ne, domin huhu zai tafi. Idan ba ya numfashi, ko yana wata irin shaƙuwa jefi-jefi, a fara danna ƙirji: tudun tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Bayan 30 a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura iska sau biyu ta baki, a koma dannawa. Hurawar tana da muhimmanci a nan fiye da a ciwon zuciya, tunda rashin iska ne ya tsayar da zuciyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa sama-sama don tausayi. Ko an ji haƙarƙari ya yi ƙara a ci gaba, ƙashi yana ɗoruwa. Mai dannawa yana gajiya bayan minti biyu, a riƙa karɓar juna har ma'aikata su iso. Yaro hannu ɗaya ake sa masa, jariri manyan yatsun hannu biyu. Idan mace ce kuma babu macen da ta iya, namiji ya yi, lalura ce.

Wanda ya miƙe da ƙafarsa ma bai gama tsira ba. Idan mutane sun daɗe a kan cinyarsa ko hannunsa, tsokar da ta mutu tana sakin wasu sinadarai cikin jini, wani ya toshe ƙoda, wani ya rikita bugun zuciya. Alamar tana iya ɓoyewa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku: fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, gaɓar ta kumbura ta yi tauri ko ta mutu. A nan ne mutanenmu ke yi wa kansu illa, a koma tanti a yi tausa da man zafi, a gasa da ruwan zafi, a haɗiyi diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan ƙwayoyin ƙara wa ƙodar nauyi suke yi. Abin da ake buƙata ƙarin ruwa ne ta jijiya da gwajin jini, da wuri. Haka wanda ke jin suka a ƙirji idan ya ja numfashi: kada a ɗaure masa ƙirji da rawani ko zane, ɗaurin yana hana huhu buɗewa ya jawo ciwon huhu. Idan numfashi yana ƙara wuya, ko ya yi tarin jini, ko ciki yana ciwo yana tauri, asibiti nan take. Mai ciki, da mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, su je a duba su ko ba su jin komai. Akwai asibitoci da ɗakunan shan magani a Mina da Arfa da kewayen Harami, kuma ba a karɓar kuɗin alhaji.

Roƙonmu ga NAHCON, wato hukumar alhazai ta Najeriya, da hukumomin alhazai na jihohi, da takwarorinsu na Nijar da Gana da Kamaru, shi ne a sa wannan a bita a aikace. A zana murabba'in mita ɗaya da alli a ƙasa, a shigar da mutum huɗu, sannan shida, sannan bakwai, maza daban mata daban, kowa ya ji yadda abin yake a jikinsa, ya gwada ɗaga hannu gaban ƙirji. A kawo ma'aikacin jinya ya nuna danna ƙirji a kan mutum-mutumin koyarwa, kowane maniyyaci ya yi 30 da hannunsa. A tabbata jagoran kowane rukuni ya san jadawalin jifan tantinsa, ya kuma karanta wa mutanensa shi da Hausa tun daren Muzdalifa. Muna fatan jaridarka za ta sake buga wannan bayani idan an kusa fara jigilar maniyyata.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya da jagororin alhazai,
Misfala, Makka.